Yadda Na Karɓi Baƙi a Babban Gidan Abincin Musulmi a Beijing

Sana'ata sayar da injinan ban ruwa ce a Kano, kuma masu ƙera mana su suna lardin Hebei, wanda ya kewaye birnin Beijing kusan ta kowace fuska. A al'adar 'yan kasuwar Sin ba a cika ƙulla magana mai nauyi a ofis kaɗai ba, sai an zauna an ci abinci tare, kowa ya ga kamun ludayin ɗan'uwansa. Tun saukata mutanen kamfanin suka shirya mini liyafa, suka kashe kuɗi ba kaɗan ba, amma abin da na iya ci a teburinsu bai wuce farar shinkafa da 'ya'yan itace ba, kuma na ga yadda hakan ya dami shugabansu, dattijo mai mutunci, wanda ya yi ta ba ni haƙuri ta bakin tafinta. Yaba kyauta tukuici, don haka na ƙudura cewa kafin in bar ƙasar ni ma zan gayyace su, a wurin da ya dace da girmansu, wanda kuma zan iya cin duk abin da aka ajiye a gabana da natsuwa.

Wanda ya riƙe hannuna a wannan hidima ɗan wani aminina ne da ke karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin, yana jin Sinanci sosai, ya kuma san ciki da wajen garin. Da na ce masa mu nemi kowane babban gidan abinci mu gaya musu kada su kawo mana alade, sai ya girgiza kai ya ce: "Baba, ba a nan matsalar take ba." Ya bayyana mini cewa a girkin Sinawa ana soya ganye da kitsen alade, ana dafa romon da ake zubawa a miya da ƙashinsa, sannan akwai giyar girki ta shinkafa, wadda ta garin Shaoxing ta fi suna, da ake yayyafa wa kifi da nama don kashe ƙarni. Ko da an cire duk waɗannan, kaskon suya ɗaya ne, kuma kaza ko rago ba yankan Musulmi ba ne. Hanya ɗaya ta tsira ita ce a tafi gidan da ke ɗauke da harufa biyun nan, 清真, waɗanda ake karanta su qingzhen, alamar abincin halal a duk faɗin ƙasar. Ya ƙara da cewa kada in dogara da ganin rubutun Larabci a ƙofa, domin tun wajen shekarar 2019 hukumomi suka sa aka cire shi daga allunan gidajen abinci da yawa a Beijing, aka bar harufan Sinanci.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsufan wannan girki a birnin. Musulmin ƙabilar Hui, waɗanda yawansu ya haura miliyan 11 a ƙasar, harshensu Sinanci ne, girkinsu kuma na Sin ne tsantsa, sai dai an tsarkake shi daga abin da shari'a ta hana. Gidan Donglaishun, wanda ya yi fice wajen yankakken naman rago da ake tsomawa a tafasasshen ruwa cikin tukunyar tagulla mai gawayi, tun 1903 yake aiki. Hongbinlou kuwa an kafa shi a Tianjin a 1853, aka dawo da shi Beijing a 1955. Ba rumfunan talakawa ba ne, wurare ne da manyan mutane, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suke kai baƙinsu. Mun zaɓi ɗaya daga cikin irin waɗannan tsofaffin gidaje a yammacin tsakiyar birnin, saboda yana gasa agwagwa, ni kuma ina so baƙina su ci abin da suke ɗauka a matsayin karramawa a Beijing.

Mataki na farko shi ne kama ɗaki. A manyan gidajen abincin Sin akwai babban zaure na kowa da kowa, akwai kuma keɓaɓɓun ɗakuna masu tebur ɗaya da ma'aikaciya ɗaya da ke kula da shi, kuma duk liyafar da ke da alaƙa da kasuwanci a irin wannan ɗaki ake yin ta. Yaron ya buga waya tun ana saura kwanaki, ya faɗi yawanmu, mu takwas, ya sa aka ajiye mana agwagwa biyu, domin gashinta na ɗaukar lokaci kuma sukan so a sanar da su da wuri. Ya kuma tabbatar cewa lambar ɗakin ba ta da huɗu a ciki, saboda Sinawa ba sa son wannan lamba, suna danganta ta da mutuwa. Ni dai ban yarda da camfi ba, amma mai masauki ba ya ajiye baƙonsa a inda zuciyarsa za ta ƙi kwanciya. An tsayar da ƙarfe shida da rabi na yamma, domin su da wuri suke cin abincin dare.

Ranar liyafar, bayan azahar, muka je gidan don zaɓen abinci, kuma a nan na fahimci cewa wannan shi ne ainihin aikin mai gayyata. Ba a ba kowane baƙo takarda ya zaɓi nasa. Mai masauki ne ke tsara teburin gaba ɗaya, kuma da tsarin nan ake auna hankalinsa da darajar da ya ba mutanensa. Wata manaja ta zauna da mu da littafin abinci mai kauri, kowane girki da hotonsa da farashinsa, ta fara da tambayar ko akwai abin da wani daga cikin baƙin ba ya ci. Daga nan ta shimfiɗa mana ƙa'idar da suke bi: a fara da abinci masu sanyi a ƙananan faranti, sai masu zafi waɗanda yawansu zai yi daidai da yawan mutane ko ya ɗan ɗara, sai miya, sai abin cika ciki, sai 'ya'yan itace. Ana son jimillar ta kasance mai rabuwa biyu daidai. Ana kuma son kada nama iri ɗaya ya maimaitu, kada salon girki ya maimaitu, wato idan an kawo soyayye a biyo shi da turararre, idan an kawo mai zaƙi a biyo shi da mai gishiri ko mai tsami, kuma lallai a sa ganye. Na lura ba ta tura mu ga mafi tsada ba. Da na nuna wani girki na biyu na rago, ita ce ta ce ya isa haka, a sa ganye a madadinsa. Inda ya kamata mutum ya buɗe ido shi ne kifi, domin ba a rubuta masa farashi ɗaya, da nauyi ake sayar da shi, ma'auninsu kuwa jin ne, wato rabin kilo. Yaron ya sa aka ɗauko kifin daga tankin ruwa da ransa, aka auna shi a gabanmu, aka faɗi kuɗinsa kafin mu amince.

Sai maganar abin sha, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Gidajen abincin halal da yawa a Beijing suna sayar da giya, kuma manajar ta tambaya, kamar yadda take tambayar kowa, wace iri za a kawo. A liyafar Sinawa akwai wata farar barasa da ake kira baijiu, wadda yawanci da dawa ake yin ta, ƙarfinta kan wuce kashi 50 cikin ɗari, kuma da ita ake gaisawa a tebur, ana ɗaga ƙoƙo ana shanyewa. Yaron ya ji tsoron kada baƙin su ɗauki rashinta a matsayin rowa. Na ce masa: "Ɗana, ba zan sayi abin da Allah ya haramta da kuɗina ba, amma kuma ba zan bari su zo su tarar da abin da ba su zata ba." Tun a saƙon gayyata na sa ya rubuta musu cewa ni Musulmi ne, teburina na shayi ne, kuma ina fata za su karɓi uzurina. Amsar da ta dawo mai daɗi ce, domin ashe a al'adarsu ma sananne ne mutum ya ɗaga ƙoƙon shayi a madadin giya, ba kuwa a ɗauke shi abin kunya. Don haka na sa kuɗin a shayi mai kyau, na furen yasmin wanda mutanen Beijing suka fi so, da wani abin sha mai sanyi mai ɗan tsami da suke dafawa da busassun 'ya'yan itace. Ra'ayina shi ne, duk Musulmin da zai shiga irin wannan zama ya faɗi matsayinsa tun kafin a zauna. Abin da ke kawo jin nauyi shi ne a bari sai ƙoƙo ya iso hannu sannan a fara neman mafita.

Lokacin kaka ne, rana na faɗuwa da wuri, saboda haka muka yi sallar magariba a masallacin Niujie, wanda tarihinsa ke komawa shekarar 996, muka wuce gidan abincin tun kafin baƙi su iso. Mai gayyata ba ya zuwa a makare, kuma ba ya zama a ɗaki yana jira. A bakin ƙofa na tsaya na tarbe su, muka hau tare. Teburin zagayayye ne, a tsakiyarsa akwai faffaɗan faifan gilashi mai juyawa, kuma ko da yake kujerun iri ɗaya ne, ba matsayinsu ɗaya ba. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ita ce ta mai masauki, babban baƙo yana zama a damansa, na biyu a hagunsa, sauran su jeru gwargwadon girmansu, wanda ke bai wa ƙofa baya kuma shi ne mataimakin mai gida, mai magana da ma'aikata. Nan yaron ya zauna. Shugaban kamfanin ya yi ta noƙewa yana cewa wani ya zauna a damana, ni kuma ina ta roƙonsa, har ya yarda, kuma ba wanda ya zauna sai da ya zauna. An miƙo wa kowa ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. A gaban kowa akwai ƙaramin faranti, da ƙaramar tasa, da cokalin tangaran, da ƙoƙon shayi, da tsinkayen cin abinci kala biyu, ɗaya na ɗebowa daga farantin tsakiya, ɗaya na kaiwa baki.

Abinci masu sanyi suna kan faifan tun kafin mu shigo: yankakken naman sa da aka dafa da kayan ƙamshi aka bar shi ya huce, kokwamba da aka bubbuge aka kwaɓa da tafarnuwa, awara mai laushi da lawashi, da gyaɗa. Ba wanda ya taɓa komai sai da na miƙe da ƙoƙon shayina, na gode musu da zuwa, na ambaci shekarun da muka yi muna hulɗa ba tare da wani ya ci amanar wani ba, yaron yana fassarawa. Kowa ya miƙe, aka haɗa ƙoƙuna. A nan akwai wata ladabi da ta burge ni: ƙarami yakan saukar da bakin ƙoƙonsa ƙasa da na babba lokacin haɗawa, kuma da yake dattijon ya girme ni na saukar da nawa, shi ma ya saukar da nasa don girmama ni a matsayin mai gida. Bayan haka na juya faifan har farantin naman ya tsaya a gabansa, na ɗebar masa da tsinken rabawa, na yi bisimilla, aka fara ci. Tsarin ya yi kama da yadda muke haɗuwa a kan akushi ɗaya a gida, babba ya fara sa hannu, kowa ya ci abin da ke gabansa, ba a zaɓe ba a tona. Ba a juya faifan alhali wani na ɗiba, ba a kuma soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke kafa turaren tsinke ga mamatansu. Ma'aikaciyar ta ajiye mini cokali mai yatsu ba tare da na nema ba, na yi amfani da shi inda tsinken ya gagara, ba kuwa wanda ya ɗaga ido.

Da aka ɗan jima sai aka buɗe ƙofa, mai gashi ya turo keken agwagwa, sanye da farar hula doguwa da safar hannu, ya nuna mana su ɗungurungum, fatarsu ja-ja-wur tana sheƙi, kafin ya sa wuƙa. Wannan girki yana da tsohon asali a birnin. Gidan Bianyifang, mai gasawa a rufaffen murhu, yana danganta kansa da shekarar 1416, shi kuwa Quanjude, mai rataye agwagwa a buɗaɗɗen murhu bisa wutar itacen 'ya'yan itace, an kafa shi a 1864. Waɗannan biyun ba na Musulmi ba ne, amma gidajen halal sun ƙware a salon ratayewar, da agwagwa yankan Musulmi. Sirrin yana cikin fata. Ana hura iska tsakaninta da tsoka don su rabu, a kwarara mata tafasasshen ruwa ta ɗame, a shafe ta da ruwan zaƙi, a rataye ta ta bushe sarai, sannan a gasa ta ƙasa da sa'a ɗaya, kitsen ya narke ya tsiyaye, fatar ta zama ƙaras-ƙaras. Mai gashin ya fara yanko fatar ƙirji ita kaɗai, aka jera ta a faranti daban, aka ce a tsoma ta a sukari a ci tun da zafinta. Na yi shakkar haɗa kitse da sukari, amma da na ɗanɗana sai na ga hikimar, domin narkewa take yi a baki ba tare da nauyin maiƙo ba. Sauran naman ya yanka shi falle-falle, kowane yanki da 'yar fatarsa, cikin sauri da natsuwar wanda ya daɗe a kan aikinsa.

Cin ta ma da tsarinsa. Ana kawo wasu siraran fallayen fulawa masu ɗumi a cikin kwandon turara, mutum ya shimfiɗa ɗaya a farantinsa, ya tsoma yanka biyu ko uku a wata baƙar miya mai kauri da zaƙi wadda ake yi da fulawar alkama, ya ɗora, ya sa farin lawashi da aka tsaga siri-siri da kokwamba, ya naɗe daga ƙasa sannan daga gefe, ya ci da hannu. Dattijon da kansa ya naɗa na farko ya ajiye a farantina. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai, domin shi ne mutumin da ya kasa ciyar da ni a nasa teburin, ga shi yau yana kallona ina ci ina ƙarawa, fuskarsa cike da fara'a. An tambaye mu yadda za a yi da ƙasusuwan, ko a soya su da gishiri da barkono ko a yi romo, muka zaɓi romo.

Daga nan girki masu zafi suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaciyar tana faɗin sunan kowanne, tana juya shi zuwa gaban babban baƙo, tana canza mana ƙananan faranti idan ƙashi ya taru. An kawo naman rago da aka soya da lawashi a wuta mai ƙarfi, da wutsiyar sa da ta dahu har tana saɓulewa daga ƙashi, da ganye iri biyu. Kifin ya zo a turare, ɗungurungum da kai da wutsiya, an zuba masa citta da lawashi da tafasasshen mai, aka ajiye shi kansa na fuskantar dattijon, wanda hakan girmamawa ce. Idan an cinye gefe ɗaya ba a kifa shi, sai a ɗage ƙashin tsakiya a ci na ƙasa. Duk tsawon wannan lokaci ba a yi maganar ciniki ba. An yi hirar iyali, da zafin Kano, da noman rani a Kadawa inda injinansu ke aiki, kuma kowane ɗaya daga cikin baƙin ya taso daga kujerarsa ya zagayo ya haɗa ƙoƙo da ni, ni ma na zagaya na rama wa kowa. Sai da ciki ya ɗauka sannan dattijon ya ce, a cikin jimla biyu, maganar ƙarin wa'adin biyan kuɗin da na nema ba za ta gagara ba, mataimakinsa zai kira ni. Yaron ya riga ya gargaɗe ni kada in ja zancen, don haka na gode masa kawai na ƙara masa shayi.

Abin da zai iya ruɗa Bahaushe shi ne shinkafa ko taliya ko burodi ba sa zuwa sai a ƙarshe, kuma kaɗan ake kawowa, domin a liyafa ana ɗauka cewa baƙo ya riga ya ƙoshi da nama da kifi. Mu an kawo mana ƙananan gurasa masu riɗi tare da farin romon agwagwa. Da farantin kankana da lemo ya shigo, kowa ya san an zo ƙarshe, domin Sinawa ba sa daɗewa a tebur bayan an gama.

Biyan kuɗi ba a gaban baƙi ake yin sa ba. Tun ana shan romo na fita kamar zan wanke hannu, yaron ya biyo ni, muka je wurin karɓar kuɗi, kuma dabarar ta yi amfani, domin muna tsaye sai ga mataimakin shugaban ya fito da wayarsa a hannu da niyyar riga ni, muka yi ta ja-in-ja cikin raha har ya haƙura da ya ga an riga an biya. Na duba takardar layi-layi, har da nauyin kifin da kuɗin shayi, komai ya yi daidai da abin da aka faɗa mana da rana, jimillar ta ɗan haura yuan 300 a kan kowane mutum. Da waya na biya, domin tun 2023 manhajojin Alipay da WeChat suka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katunan bankunan waje, ko da yake na riƙe takardun kuɗi a aljihu don gudun ko-ta-kwana. Ba a ba ma'aikata tukuici a Sin, wasu manyan gidaje dai sukan sa kuɗin hidima a cikin lissafin. Wanda ke son rasit na hukuma, wanda suke kira fapiao, sai ya nema da bakinsa ya ba da sunan kamfani.

An rage abinci, kamar yadda ake so a liyafa don kada a ce mai gida ya gaza, amma ba mai yawa ba, saboda shawarar manajar. A da barin tebur cike shi ne alamar yalwa, sai dai gwamnati ta daɗe tana yaƙi da wannan ɗabi'a, har ta kafa dokar hana almubazzaranci da abinci a watan Afrilun 2021, kuma yanzu neman a ƙunshe maka saura ba abin kunya ba ne ko a wuri mai tsada. Na raka baƙina har bakin mota, na tsaya sai da suka tashi, sannan muka koma sama, ma'aikaciyar ta zuba ragowar agwagwar da wutsiyar san a robobi, ta haɗa da fallayen fulawar da miyarsu a leda daban. Yaron ya tafi da su makaranta, inda akwai ɗalibai 'yan Kano da Zinder da ke ɗakunan kwana ɗaya da shi, ni kuma ya tsayar mini da tasi, ya nuna wa direban adireshin masaukina da Sinanci.